Kanwar Baba a Bakin Kogo

Mutumin da ya fara cutata a ƙasar Sin da Hausa ya cuce ni. A tashar jirgin ƙasa ta babban birnin da na sauka ya tare ni. Ya ga hulata ya yi mini sallama, ya ce shi ma ɗan Arewa ne, ya daɗe yana sayen kaya a nan. Da na ce daga Zurmi nake sai ya hau lissafo mini garuruwa, Kaura, Moriki, Shinkafi, har ya tambaye ni ko hanyar nan tamu an gyara. Ni kuwa hankalina ya kwanta. Ya sayo mini layin waya, ya riƙe mini jaka, ya sa ni a jirgi yana yi mini addu'a. Sai da muka yi nisa na gane layin matacce ne, ƙunshin kilishin da Inna ta sa mini kuma ya bi mutumin. Kilishin bai ƙona mini rai kamar sallamar ba. Daga ranar duk wanda ya yi mini murmushi sai na dafe aljihu.

Abu na farko da na laluba a jirgin shi ne wata 'yar jakar fata da ke rataye a wuyana, cikin riga. Tana nan. A cikinta akwai jar kanwa, wadda Baba ya yi rubutu a allo ya wanke ya jiƙa ta da shi, aka shanya ta bushe. Baba malami ne, kuma a unguwarmu shi ake kai wa ajiya, shi ake kira shaida in za a raba gona. Idonsa ya fara yana a lokacin, da ƙyar yake ganin bakin alƙalami, amma ya ƙi bari wani ya rubuta mini. Ya ce duk inda na ji zuciyata ta tsinke in gutsuri kaɗan in sa a baki.

Jirgin ya yi ta gudu kudu maso yamma har ƙasa ta sauya. Duwatsu ne tsaye ɗaiɗai, kore shar, kamar an jera rumbuna har iyakar gani. Mu gulbinmu da rani yashi yake komawa, sai an tona a sami ruwa. Nan kuwa kana kallon gulbi yana tafiya sai ya shige rami a gindin dutse ya ɓace, sai a wani ƙauye can gaba ya sake fitowa. Na ce a raina, ƙasar da gulbi ma ɓuya yake yi, to mutanenta fa?

Watan farko yunwa ta ci ni, don ban yarda da kowace tukunya ba. Shinkafa fara da dafaffen ƙwai, shi ke nan. Daga baya na gano wani shagon taliya na Musulmi masu farar hula a bayan jami'ar da na zo karatu. Ko shi sai da na yi kwanaki ina wucewa ina leƙe, har na ga mai shagon ya shimfiɗa darduma ya yi la'asar, sannan na zauna. Ya cika mini kwano ya ƙara nama, na ci ina tunanin me yake so a wajena. Ba abin da yake so.

Shugabar ɗakin bincikenmu mace ce, gajeriya, ba ta dariya, Farfesa kawai muke ce mata. Ita ta haɗa ni da wani ɗalibi mai suna Liyu, wanda ya riga ni zuwa, yana aiki a kan gulaben da aka ba ni. Siriri ne, kullum da gorar ruwan zafi a hannu, kullum haƙoransa a waje. Turancinsa guntu, nawa ma ba ya gane shi sosai, sau da yawa waya ke yi mana tafinta. Ranar farko ya ce zai riƙa wanke mini kwalabe. Na ce to, na gode, amma na sa masa ido.

Aikin da ya kawo ni sai da na yi wa Baba bayaninsa a waya sannan ni kaina na ji ya zauna mini. Na ce masa duwatsun nan na farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi a Sakkwato. Ruwan sama in ya sauko yakan kwaso wata iska da ake ce wa kabon, wadda yawanta ke ƙara wa duniya zafi. Da ita yake cin dutsen a hankali, ita kuma iskar ta maƙale a cikin ruwan, gulbi ya tafi da ita teku. Wato dutsen nan rage wa duniya kaya yake yi. To amma garuruwan nan sun daɗe suna ƙona gawayin ƙasa, hayaƙinsa mai farar wuta ya hau gajimare, ruwan sama ya sauko da tsami. Shi ma wannan tsamin cin dutse yake yi, har ya fi sauri, sai dai ba ya ɗauke kabon ko kaɗan, wani lokaci ma wanda ke ɗaure a dutsen yake saki. Duk wanda ya auna narkakken dutse a gulbi ya ce duka aikin alheri ne, ya ruɗi kansa. Nawa aikin shi ne in raba, in ce wannan cin na wane ne, wannan na wane, kamar yara biyu sun ci a akushi ɗaya ana neman wanda ya fi loma.

Baba ya ce, “Ruwan sama hwa, Lawali? Rahamar Allah ce ta yi tsami?”

Na ce rahama tsaf take saukowa, hayaƙin mutane ne ke tare ta a hanya. Ya ce to wannan ya yiwu, ɗan Adam ba abin da bai ɓatawa.

Da damina ta kama muka fara fita ɗiban ruwa. Wurare da dama aka ba ni, wasu a gada, wasu a bakin gona, ɗaya kuma a bakin wani kogo inda gulbin ke fitowa daga cikin dutse. Ƙa'idar ɗiban mai sauƙi ce: ka sa safar hannu tun daga mota, ka cika kwalba taf, kada ka bar ko ƙwayar iska a ciki, ka rufe. Ni nakan toshe bakin kwalbar da babban yatsa har in hau tudu in sa murfi, don kada ta zube a santsi.

Sauran wuraren ba su dame ni ba, amma kogon nan, wallahi ban taɓa son sa ba. Bakinsa baƙi ƙirin, iska mai sanyi na fitowa daga ciki ko da rana tsaka, ruwan kuma yana wani gurnani can ciki kamar ana magana. A garinmu ba wanda zai tura ɗansa irin wannan wuri, kowa ya san gidan su wane ne. Na yi karatu, na san abin da ya fafe dutsen, har na koyar da shi a sakandare a Kaura. Duk da haka in na tsaya a wurin tsikar jikina tashi take yi. Mota ba ta isa can, ni kaɗai nake gangarawa. Sai in ciro 'yar jakata in gutsuri kanwar Baba in sa a baki, in yi bisimilla, in shiga ruwan.

Wajen tsakiyar damina Farfesa ta kira ni ofishinta. Ba ta ce in zauna ba. Ta juyo mini fuskar kwamfuta ta nuna mini sakamakon. Duk wuraren sun yi daidai da abin da aka sani, ban da kogon. Ruwan kogon ya nuna kamar tsamin ya mutu, kabon kuwa ya cika shi maƙil, kamar wannan rami ɗaya ya fi duk gulaben lardin haɗiyar iskar. Irin sakamakon da ke sa sunan ɗalibi ya fita ke nan. Sai dai akwai wani gishiri a ciki, irin na soda, wanda duwatsun nan ba su da shi.

Ta ce, “Dutse ba ya ƙarya. Wani yana sa soda a cikin kwalaben nan.”

Ta ba ni zuwa ƙarshen wata. In ba a gano kan abin ba za ta kai ni gaban kwamiti, kuma in suka ce da gangan ne, kora ce, a kuma sanar da waɗanda suka turo ni dalili. Na fito. Ba komawa gida hannu sake ya tsorata ni ba, mutane nawa suka dawo haka. Abin da na hango shi ne labari ya isa Zurmi cewa ɗan Malam an kore shi daga ƙasar Sin don ya yi algus, a faɗa a majalisa, a faɗa a bakin masallaci, Baba yana zaune ba ya ganin fuskar masu faɗa.

Ban ɓata lokaci wajen neman mai laifi ba, tun a matakala na san Liyu ne. Wa ke wanke kwalabe? Shi. Wa ke riƙe da makullin firij? Shi. Wa zai gaji gulaben in an kore ni? Shi. Ga kuma murmushin nan. Na ce lalle an sake yi mini irin ta mai kilishi, wannan karon da fara'a ta Sinanci.

Na ƙwace wankin kwalabena. Na daina sa su a firij ɗin kowa, na riƙa ɗaure murafun da zare irin ƙullin da ni kaɗai na sani. Ya miƙo mini shayi na ce ina azumi, alhali ba na yi. Ya kawo mini laima ranar da aka kwana ana ruwa, na bar ta a bakin ƙofa. Na je kogon na sake ɗiba, na rungumo kwalaben a ƙirji har gaban na'ura, na tsaya a kanta. Sakamako ya fito da soda kamar da.

Daga nan zargina ya bazu. Na zargi direba, don yana yawan tofar da yawu kusa da akwatin kwalabe. Na zargi wani tsoho mai kamun kifi a saman kogon. Na zargi Farfesa kanta, na ce ƙila gurbin nawa take so ta ba wani nata. Har na fara tunanin ko masu kogon ne ba sa son a taɓa musu ruwa, abin da ya sa na ƙara yawan kanwar da nake gutsura. Barci ya ƙaurace mini, na rame, mai shagon taliya ya riƙa taɓa kafaɗata yana girgiza kai.

Ana saura kwanaki kaɗan wata ya ƙare muka sake fita. Liyu ya biyo mu, ya ce shi a mota zai zauna. Ana yayyafi. Na gangara, na yi abin da na saba, na cika kwalba na toshe da yatsa. Ina juyowa sai na hango shuɗiyar rigar ruwansa a bayan wani dutse, ya ɗaga waya yana ɗaukata.

Raina ya ɓaci har na manta Turanci. Da Hausa na fara, na ce masa munafuki, na ce yau dai na kama ka. Bai gudu ba, murmushin ma babu. Ya matso ya nuna mini abin da ya ɗauka. Ga ni nan a waya, na tura hannu cikin riga, na ciro jaka, na gutsuri abu da jiƙaƙƙiyar safar hannu na kai baki, sannan ga yatsan nan a bakin kwalba. Ya ce Farfesa ce ta sa shi ya bi ni. Ya tambaye ni mene ne wannan abin.

Na ce na mahaifina ne, kuma ba ruwansa.

Bai yi musu ba. Ya ciro 'yar takardar nan da muke gwada tsami da ita, ya tsoma a gulbi ya nuna mini launinta. Ya ciro wata, ya kama hannuna ya manna ta a babban yatsana. Nan take ta rine ta koma shuɗiya.

Na tsaya ina kallon takardar, sai ga Inna a idona, tana tsugune gaban murhu, tukunyar yakuwa, wadda mu muke ce wa sure, tana tafasa, ta jefa 'yar kanwa kumfa ya taso, tana cewa a bari ta kashe tsamin. Duk yarinyar da ta fara girki a garinmu ta san aikin kanwa ke nan. Ni ma na sani, har a aji na karanta abin da ke cikinta. Amma abin da ke wuyana ban taɓa kiransa kanwa a zuciyata ba, rubutun Baba nake ce masa. Na zauna a kan jiƙaƙƙen dutse, kunya da sanyi suka haɗu mini.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Farfesa ta kalli hoton ta saurare ni, ta ce labari ne mai kyau, amma kwamiti ba labari yake ci ba. Wanda ya sa soda da gangan ma zai iya ƙirƙiro irinsa. Sai an gutsuri abin an niƙa, an narkar, an ɗiga masa asid, an ga ko gishirinsa ya yi daidai da wanda ke cikin kwalabena. Kuma ba ni zan yi gwajin ba, Liyu ne.

Gutsuren ba shi ne damuwata ba, bai fi ƙwayar wake suke so ba. Na san inda ruwan gwaji yake zuwa in an gama. Akwai wata jarka a ƙarƙashin famfo, duk ƙazantar ɗakin a ciki ake tuttulawa, wankin kwalba kuma ya bi kwata. Ayoyin Allah ne a jikin kanwar nan, da hannun Baba, da ɗan sauran ganinsa. A gidanmu ko ruwan wankin allo ba a zubarwa inda ƙafa ke takawa.

Na nemi Baba a waya, ba ta shiga. Na kira ƙanwata da ke aure a Kaura, ta ce sabis ya ɗauke a can gida tun kwanaki, hanya kuma ba lafiya, ba wanda ya zo balle ta ba da saƙo. Ba wanda zan tambaya. In na hana, an kore ni da sunan maƙaryaci. In na bayar, na san inda za a zuba.

Na bayar. Kafin in miƙa na rubuta wa Liyu a waya abin da ke ciki, cewa maganar Ubangijinmu ce mahaifina ya rubuta da tawada ya wanke a kai. Waya ta fassara, ya karanta, ya sake karantawa. Na ce a raina shi ke nan, gobe duk ɗakin za su sha dariya, ga baƙin da ke cin rubutu don tsoron rami. Na tsaya a bayan gilashi ina kallon hannayensa, ban ƙifta ba, don har lokacin ban cire ran zai sauya wani abu ba. Da ya gama ya juya mini baya yana tattara kaya, na fita, ban iya tsayawa in ga an tuttula ba.

Gwaji ya yi daidai. Farfesa ta ce ba algus ba ne, sakaci ne, kuma ta faɗa mini sakacin da kalmomin da ban so ba. Aka zubar da duk abin da na ɗibo a kogon, aka ƙara mini damina guda. Da na sake aikin da hannu mai tsabta, kogon bai zama abin mamaki ba. Tsamin hayaƙi na cin rabonsa na dutsen kamar ko'ina, kabon da gulbin ke ɗauka kuma bai kai yadda ake zato ba. Sunana bai fita a duniya ba, amma bai ɓaci a Zurmi ba.

Washegarin gwajin ne Liyu ya same ni a shagon taliya. Ya ajiye wata kwalba a gabana, an rufe ta an naɗe da leda. Ya ce ruwan gwajin ne duka, har da wankin kofunan da takardar da ya tace da ita, ko ɗigo bai shiga jarka ba. Kada in sha, akwai asid. Ya rubuta sauran a waya don Turancin ya gaza masa. Ya ce kakarsa ba ta bari a taka takarda mai rubutu ko a jefa ta a shara. A ƙauyensu akwai wani ɗan gini na dutse da ake ƙona irin waɗannan takardu, tokar kuma a kai ta gulbi.

Ba zan ɓoye muku ba, sai da na juya kwalbar na duba murfin. Sannan idona ya cika, na sunkuyar da kai kamar yaji ne ya shige ni.

Muka koma kogon tare, ana ruwa. Na nufi inda na saba tsayawa, ya riƙe mini riga ya nuna can ƙasa, ya ce ba a wurin ɗibanmu ba, don Allah. Muka gangara ƙasa da wurin. Na yi bisimilla na zuba a inda ruwan ya fi gudu, shi kuma yana riƙe da laimar nan da na taɓa bari a bakin ƙofa.

Sai bayan mako biyu waya ta shiga. Na kwashe komai na gaya wa Baba, ina jiran faɗa. Bai tambaye ni kwamiti ba, bai tambaye ni Farfesa ba. Ya ce, “Ina aka zuba shi?”

Na ce a ruwa mai gudu.

“Wa ya tara ma shi?”

Na ce wani ɗan Sin ne, wanda na yi wata guda ina ƙin shan shayinsa.

Baba ya ce, “Ka tahi ka sha shayin. Kai kuma ka riƙa wanke hannunka, Lawali.”